Baturen Wanzamin Kakana

A gidanmu na Maraɗi akwai wata magana da muka taso muka tarar ana yi. In yaro ya samu sabon abu ya fara ɗaga wa tsoho hanci, sai kakarmu ta ce, "A bar shi, Baturen wanzami ne, zai yi tafiya." Mun daɗe muna dariyar maganar ba mu san tushenta ba. Sai da na girma ta ba ni labarin, kuma sai bayan rasuwarta, ranar da aka buɗe adakar kakana da ta riƙe a kulle shekara da shekaru, na ga Baturen da idona. Manya suna ta kan riguna da takardun gona, ni kuwa na ɗauki wani ɗan gwangwani a ƙasan adakar. A ciki akwai gidan reza na ƙarfe, gajeren mariƙi, kai mai faɗi da murfi kamar na akwati. An buga masa suna Ever-Ready, da rubutun da ke nuna a Ingila aka ƙera shi. Babu wanda ya yi jayayya da ni a kansa.

Da na koma gida na sayi reza wajen mai tebur, irin wadda kowa ya sani, mai baki biyu, na ce bari in gwada. Ta ƙi zama. Babu turken da zai shiga tsagar tsakiyarta, murfin kuma ba ya kama ta. Na juya, na sake juyawa, har na yanke babban yatsa. A nan na gane cewa abin da na gada rabi ne, ɗaya rabin yana hannun wani kamfani a wata duniya. Neman wannan rabin ne ya jefa ni cikin tarihin da zan ba mai karatu.

Amma bari in fara da labarin kakarmu. Kakana yana cikin mutanen ƙasarmu da suka riƙa zuwa Kumasi neman kuɗi kafin ƴancin kai, lokacin da ake ce wa ƙasar Gwalkwas. A wata dawowa ya zo da wannan abu da ƴan fakitin reza. Gemunsa bai taɓa ba, wannan ba abin taɓawa ba ne, amma kumatu da wuya da gyaran gashin baki, waɗanda wanzamin gidanmu yake yi masa duk Juma'a, sai ya fara yi da kansa a gaban ɗan madubi. Wanda bai san matsayin wanzami a gidan Bahaushe ba zai ga abin ƙarami ne. Wanzamin gida shi ke askin suna, shi ke cire beli, shi ke kaciya, shi ke ƙaho in jiki ya yi nauyi. Yana da rabonsa a ragon suna, yana da damensa in an yi girbi, kuma ubansa ne ya yi wa uban maigida aski. Ka ce masa ka samu ƙarfen da ya maye gurbinsa, ai ka zage shi ne a fakaice. Mutumin bai ce komai ba. Ya ci gaba da zuwa da zabirarsa yana aske kan kakana, yana barin kumatun.

Ba a cika shekara biyu ba rezar ta ƙare. Kakana ya nema a kasuwar Maraɗi bai samu irinta ba, ya ba ƴan Kano sautu suka kawo masa mai baki biyu. Ya gwada wasa tsofaffin a cikin kofin gilashi, abin bai yi ba. Ranar wata Juma'a ya zauna a tabarma, bayan an gama askin kai bai tashi ba, ya ɗan karkata fuska. Wanzamin ya duba shi ya ce, "Alhaji, ina Baturen wanzamin naka? Ya yi tafiya ne?" Kakana ya ce, "Ya yi tafiya, Sarkin Aska. Yi aikinka."

To, daga ina Baturen ya fito?

Turawa ma da aska suka fara, irin mai naɗewa, kuma yawancinsu wajen wanzami suke zuwa, don aske fuskarka da tsirarar aska aiki ne mai son gwaninta. Wajen 1770 wani maƙerin wuƙaƙe a Paris, Jean-Jacques Perret, ya wallafa littafi kan yadda mutum zai koyi yi wa kansa aski, kuma shi ake jingina wa dabarar sanya wa aska rigar katako, yadda ɗan bakinta kaɗai zai leƙo, kamar abin da kafinta ke fere katako da shi. Dabarar ba ta yaɗu sosai ba. Sai a 1880 wasu ƴan'uwa Jamusawa da suka yi ƙaura zuwa New York, ƴan gidan Kampfe, suka yi rajistar wani abin aski mai kama da ƴar fartanya: gajeren guntun aska a kwance, mariƙi a ƙarƙashi, da shinge mai haƙora a gaban kaifin don kada ya nutse cikin fata. Suka sa masa suna Star. Wannan shi ne kakan abin da na tarar a gwangwani.

Abin lura a nan, rezar Star ba ta yarwa ba ce. Guntun ƙarfe ne mai kauri, ƙirar maƙera, da ake cirewa a goga a fata kafin aski, in ya dakushe a kai wa mai dutse ya wasa. Wato har zuwa lokacin mai abu shi ke da ikon kaifinsa, kamar yadda wanzaminmu ke da ikon askarsa. Masu hali suna sayen akwati mai reza bakwai, kowace rana da tata.

Wanda ya sauya lissafin shi ne King Camp Gillette. "King" sunansa ne na yanka, ba sarauta ba. Ɗan tallan kaya ne, yana yi wa kamfanin da ke yin marfin kwalba aiki, kuma maigidansa William Painter, wanda ya ƙirƙiro marfin lemon kwalba da muke ɓallewa mu yar, ya ba shi shawarar ya nemo abin da za a yi amfani da shi a jefar a dawo a sake saya. A 1895 tunanin reza ya zo masa: ƙarfe siriri kamar takarda, baki biyu, mai arha har ba a damu da wasa shi ba. Masana ƙarfe suka ce ba zai yiwu ba, sai da wani injiniya, William Nickerson, ya gano yadda za a taurara siririn ƙarfen a yi masa kaifi da inji. A 1903 sun sayar da gidan reza 51 da reza 168 kacal. Shekarar da ta biyo, wadda a cikinta aka ba shi takardar mallakar fasahar, sun sayar da gidan reza fiye da 90,000. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, soja yana bukatar fuska a aske don abin kare numfashi daga iskar guba ya zauna daram, sai gwamnati ta raba wa sojojinta gidan reza kusan miliyan uku da rabi da reza miliyan 32 na Gillette. Samarin nan suka koma gida da sabon hali. Wani abin dariya kuma, wannan mutum da ya koya wa duniya saye da yarwa, ya rubuta littattafai yana kiran a kawar da gasar kasuwa, a haɗa dukiyar duniya a kamfani guda mallakar kowa. Bakinsa daban, aljihunsa daban.

Masu baki ɗaya ba su miƙa wuya ba. Wani tsohon ma'aikacin gidan Kampfe, Jerry Reichard, ya buɗe kamfanin Gem a 1898, daga baya ya sa hannu a kafa Ever-Ready, wanda tambarinsa wani mai sanƙo ne yana murmushi da kumfa a fuska. Tun da takardar Gillette ta hana su yin reza mai baki biyu, sai suka yi tasu ta yarwa: siririn ƙarfe mai baki ɗaya, an naɗe masa wani ƙarfen a gadon baya don ya yi ƙarfi ya kuma zauna a gurbin tsohuwar askar. Zuwa 1919 sunayen uku, Star da Gem da Ever-Ready, sun koma ƙarƙashin kamfani guda, American Safety Razor, a Brooklyn. Samfurin da ya fi shahara shi ne wanda masu tara tsofaffin kaya ke kira "1912", saboda shekarar rajistarsa, ko da yake an yi ta ƙera shi shekaru da dama bayan haka, a Amurka da Ingila. Na kakana irinsa ne. Ba shi da wani surkulle: ka ɗaga murfi, ka ɗora reza ta tokare da ƴan ƙugiya biyu a gaba, ka rufe, wani ɗan ƙarfe mai tauri ya tura ta daga baya. A 1930 suka fito da Micromatic, wanda ake murɗa gindin mariƙinsa murfin ya buɗe da kansa.

Akwai mutum na uku da ya kamata a ambata, don shi ne dalilin wani abu da kowannenmu ya taɓa gani bai tambaya ba. Henry Gaisman yana da nasa gidan reza mai baki ɗaya, Valet AutoStrop, wanda ake zura wa doguwar fata a ja gaba da baya, rezar tana juyawa da kanta tana wasuwa ba tare da an cire ta ba. Bayan takardar Gillette ta ƙare a 1921, Gaisman ya fito da reza mai baki biyu, Probak, mai tsaga a tsakiya wadda ke shiga gidan Gillette. Gillette ya sauya ƙirar gidansa da ta rezarsa don ya kore shi, aka shiga rigimar wanda ya riga wani rajista, rigimar da ta ƙare a 1930 da haɗewar kamfanonin biyu, Gaisman yana sama. In mai karatu ya ɗauki rezar mai tebur ya duba doguwar tsagar tsakiyarta mai lunguna da kusurwoyi, tabon irin wannan faɗan yake gani. Kowane lungu an yi shi ne don rezar ta hau turken wani gida. Ƙarshen abin, siffar ta zama ta kowa, kowane kamfani a duniya yana iya bugawa, kuma kowace tana shiga kowane gida. Wannan ne ya kashe kasuwar kakana. Mai baki biyu ta zama kamar gishiri, ana yin ta a Ingila da Masar da Indiya da Pakistan, mai baki ɗaya kuwa ta zauna hannun ƴan tsiraru.

Mu kuma a nan mun yi wa tarihin wata irin fassara tamu. Reza ta shigo mana, gidanta bai shigo sosai ba. Nacet mai hoton kada, Tiger, da sauransu, ɗai-ɗai muke saye, tsirara muke riƙewa. Da ita ake yanke farce, da ita ɗan makaranta ke fiƙe fensir, da ita tela ke farke ɗinki, da ita ungozoma ke yanke cibiya. Dalili a fili yake: an ƙera gidan reza ne don mutanen da ke aske fuska tas kowace safiya su bar sumar kai, mu kuwa kai muke askewa mu bar gemu, kuma mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Daga baya, da aka fara wayar da kai kan cututtukan da ke bin jini, musamman sida, masu aski da yawa suka koma ɓare sabuwar reza a gaban mai aski, su karya ta biyu tun tana cikin takardarta, su sa rabi a mariƙi mai kama da aska. Wato Gillette ya sha wahalar shekaru ya yi mata baki biyu, mu muka karya muka mayar da ita mai baki ɗaya.

Na koma kan neman rezata. Wata rana a Yamai, a wani shagon kayan gini, na hango ta: baki ɗaya, gadon baya a naɗe, daidai yadda na gani a hotuna. Mai shagon ya ce ta kankare fenti ce daga gilashi. Na ce a raina reza ai reza ce. Na sa ta a gidan kakana ta zauna cif, murfi ya rufe da wata ƴar ƙara mai daɗi, har na ji ƙwalla. Washegari akwai ɗaurin auren abokina. Abin da ya faru da wuyana a daren nan ba na son tunawa. Ba yankan jini ba ne sosai, kankara ce, kamar an bi fata da magagari, kuma kafin safiya ƙuraje sun feso. Na je ɗaurin aure da rawani a watan zafi, ana ta tambayata ko sarauta aka ba ni.

Laifina ne, kuma darasin shi ne zuciyar zaɓen reza. Siffa ɗaya ba ta nufin aiki ɗaya. Rezar kankare fenti an wasa ta ne don ta jure gilashi, bakinta ba shi da laushin wasawar da gashi ke so, sau da yawa da man inji a jikinta, kuma ba a shafa mata komai ba. Wannan shafin ba ƙaramin abu ba ne. Har zuwa farkon shekarun 1960 yawancin reza baƙin ƙarfe ne mai tsatsa, wanda in ba ka goge ka shanya ba, gobe ka tarar da shi ja. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da reza ta ƙarfen da ba ya tsatsa, an lulluɓe bakinta da wani sinadari mai santsi irin na tukunyar da abinci ba ya kamawa, sai ga reza tana kwana da kwanaki tana aski. Dole sauran kamfanoni suka bi. Don haka mai neman reza ga irin gidan kakana yau abu uku zai tarar: ta masu fenti, wadda zai bar wa masu fenti, ta baƙin ƙarfe ta aski, mai taushi a fata amma mai son a busar da ita, kuma a damina ba ta da haƙuri, sai marar tsatsa mai shafi, wadda ita ce ta fi dacewa da yawancin mutane. Wani masana'anta a garin Verona na jihar Virginia, gadon tsohon kamfanin nan na Brooklyn, yana cikin ƴan kaɗan da suka ci gaba da buga ta. Mai Valet kuwa nasa ya fi wuya, sai ya nemi wata reza marar gadon baya da kamfanin Feather na Japan ke yi.

Ɗan ƙanwar babana da ke zaune a Greensboro shi ya fitar da ni kunya. Ya aiko mini da fakiti mai reza ɗari, ya kuma haɗo da tsaraba: wani ɗan siririn gidan reza mai mariƙi ruwan zuma da ya tsinta a kasuwar tsofaffin kaya, da wani ɗan akwatin ƙarfe mai harshe kamar mabuɗi. Ya rubuto, "Yaya, tun da ka zama mai tara tarkace, ga ƙaninsa." Schick ne, irin wanda ake ce wa injekta.

Jacob Schick soja ne, an haife shi a jihar Iowa a 1877, ya yi aiki a Filifin, ya yi neman ma'adinai a Alaska, ya bar soja da muƙamin laftanar kanar. Kuma da ganin abin da ya ƙirƙiro ka san soja ne. Abin da ya dame shi shi ne yatsa: duk gidan reza na lokacin sai ka kama tsirarar reza da hannu ka sa. Sai ya ɗauko dabarar bindigar da ake ɗura wa harsashi da yawa, in ka ja kunama sabo ya hau tsoho ya fita. A tsakiyar shekarun 1920 ya fito da gidan reza mai ɗauke da reza 20 a cikin mariƙinsa, ka ja gindin ka tura, sabuwa ta hau ta ture tsohuwa. A 1928 ya sayar da wannan sana'a don ya samu kuɗin abin da ya fi so, injin aski na lantarki, wanda ya shiga kasuwa a 1931. Waɗanda suka saya ne suka raba gidan harsashin da mariƙin a 1935: reza tana cikin ɗan akwati daban, ka cusa harshen akwatin a gefen kan, ka ja wani maɓalli ka tura, sabuwa ta shige, tsohuwa ta faɗo ta ɗaya gefen. Hannunka bai taɓa kaifi ba. Schick ya koma ɗan ƙasar Kanada a 1935, ya rasu a 1937, sunansa kuma ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, Eversharp a 1946, Warner-Lambert a 1970, har yau yana kan kanti.

Na yi aski da duka biyun na tsawon lokaci, ga abin da na gani. Rezar Gem ta ninka mai baki biyu kauri fiye da sau biyu, wajen milimita 0.23 a kan 0.1, don haka ba ta lanƙwasa ba ta rawa, kuma ga gashi irin namu mai tauri da murɗewa wannan alheri ne. Sai dai tana da sharaɗi. Kan gidan ake kwantarwa kusan shafe da fata, ba a tsayar da shi kamar fartanya, kuma ba a dannawa ko kaɗan. Tana da ƙara, kana jin kowane gashi yana yankewa kamar ana girbin gero. Injekta ta fi sauƙin hali, ƙaramin kanta yana shiga ƙarƙashin hanci, kuma hannu yana gane kwanciyarta tun ranar farko. Inda take da tarko shi ne wajen ɗuri: in harshen bai shiga daidai ba, bakin sabuwar reza yana gogar ƙarfe ya dakushe kafin ya taɓa fuska, shi ya sa ba a barin gidan babu reza a ciki, tsohuwar ce ke share wa sabuwa hanya. Ni dai na fi son na kakana, amma na san son zuciya ne. In da gaskiya za a bi, na sojan ya fi shi dabara.

Dukansu biyu kuwa zamani ya wuce su ta hanyar da suka buɗe da kansu. A 1971 Gillette ya fito da Trac II, reza biyu a cikin kan roba da ba ya hawa mariƙin kowa sai nasa. A 1975 BIC na Faransa ya ce a yar da gidan ma gaba ɗaya, kuma shi ne ya cika kantunanmu. Kowane sabon samfuri yana zuwa da maƙalinsa da ba ya karɓar na wani, dabarar Painter mai marfin kwalba ba ta tsufa ba.

Da sallar da ta wuce na je gida, na kai gidan rezar wurin jikan wancan wanzami, wanda shi ya yi wa ƴaƴana askin suna. Ya girme ni, kuma ya san labarin fiye da ni, don a gidansu ma ana ba da shi, sai dai a nasu bakin kakana ya fi shan kunya. Ya karɓa ya buɗe murfin, ya cire rezar ya gwada ta a gashin hannunsa, ya gyaɗa kai. Ya ce, "Kaifi kam akwai. Guda nawa suka rage maka?"

Na ce sittin da ɗaya.

Ya mayar da ita ya rufe, ya miƙo mini da hannu biyu, ya jawo zabirarsa ya ce in gyara zama, ƙeyata ta yi gashi.